Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Ƙarƙashin Tebur

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da ya ƙi bushewa, ni tsohon editan shafinmu na labarai nake sanar da rasuwar Gwaggo, kwamfutar da ta goyi shafin tun ranar da muka buɗe shi. Ta cika ranar Laraba da hantsi a ƙarƙashin teburina, inda ta yi rayuwarta kaf. Ta tafi da duk labarin da muka taɓa rubutawa, domin babu inda suke sai cikinta.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Na ɗora mata ƙafa, shayi ya zube mata, ɓera ya tara iyali a bayanta, ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba. Maganarta ɗaya ce, ɗirrrr, dare da rana. In labari ya yi zafi, masu karatu suka yi mata caa, sai ta ƙara da ƙit-ƙit-ƙit, mu kuma mu yi tsit har ta numfasa. Sharaɗinta guda, wanda har mai shara ta haddace: ba a kashe ta. Tsohuwa ce, kowa ya san in ta kwanta ba tashi.

Ta ga iyayen gida iri-iri. Na farko ya sayar da mu ga kamfanin talla, kamfanin talla ya haɗa mu da shafin ƙwallo da na girke-girke ya sayar a kashi ɗaya kamar tumatir. Kowanne da murmushinsa yake zuwa, da alkawarin babu abin da zai canza. Na ƙarshen nan sunanmu suka saya da yawan mabiyanmu. Ba wanda ya leƙa ƙarƙashin tebur, ba kuma wanda ya tambaye mu ko da sannu.

Ajali ya riske ta ranar da sabon manaja ya zo ɗaukar bidiyon kwantar wa masu karatu hankali. Mu an tara mu a ɗakin taro ana raba mana takardar sallama, masu kyamara kuwa suna neman inda za su jona fitila. Soket ɗaya ne a kusa, wanda Gwaggo ke jone da shi. Wallahi fuskar manaja ta fito tas a bidiyon, yana dafe da ƙirji yana rantsuwa cewa tarihin shafin amana ne a hannunsu. Da na dawo ɗaukar jakata, shirun ɗakin ne ya faɗa mini. Mai gyara ya yi iya yinsa, ta yi tiit sau ɗaya, shi ke nan.

Ta rasu ta bar ni, da abokan aikina, da fanka, da dubban adireshin labarai marayu, waɗanda in ka latsa yanzu sai tallan maganin rage tumbi. Cikinsu har da bincikena kan rijiyoyin da aka ce an haƙa ba a haƙa ba, wanda uwar 'ya'yana ta daɗe tana kwana da fargaba saboda shi. Wannan kam ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Za a yi jana'iza gobe da safe a ƙofar baya ta ofis, tunda katin shigarmu ya daina aiki. Mai sayen tsofaffin ƙarafa ne zai jagoranta, da sikelinsa. Zaman makoki a gidana, kowane lokaci, ina nan ba inda za ni. Masu zuwa, don Allah a duba wayoyi: duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton wani labarina, ko don ya zage ni ne, ya taho mini da shi. Ranar Litinin zan je neman aiki, kuma masu ɗaukar aikin sun ce in kawo abin da na taɓa rubutawa.