Keken da Sale Ya Ƙera wa Ɗan Farina

Abubuwa da yawa na manta da su da gangan, amma ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da Sale mai walda ya zo ƙofar ɗakina da rabin masallaci a bayansa ba. An ƙona garinmu ina gani, na koma na binne mata da 'ya'ya da hannuna, na yi kwanaki a daji ba ci, duk ban taɓa jin ina so ƙasa ta tsage in shige ba sai ran nan. Kuma a kan kare.

Ni ba ɗan nan ba ne. Daga yamma na zo, inda ɓarayin daji suka tashe mu, na sauka a wani ƙauye na yankin Paki. Wani bawan Allah, Malam Ilu, ya ba ni ɗaki a bakin gari da gadin gonar rakensa. Abin da na fito da shi daga gida rigar jikina ce da jan karen da nake farauta da shi, Ƙyale. Da ƙafa muka zo ni da shi. Ba ya shiga ɗakina, ba ya raɓar tabarmar sallata, kwanonsa daban, na san hukuncin kare kamar yadda kowa ya sani. Amma a duk duniya shi kaɗai ya rage wanda ya san muryar matata.

Tsufa ta baya ya kama shi. Da farko in zai tashi sai ya daɗe yana dabara. Daga baya ƙafafun bayan suka daina ɗaukarsa, ya koma jan gindi da na gaba, cinyarsa ta ƙuje ta zama gyambo, ƙudaje suka samu wurin zama. Na kafa masa zana a gefen ɗaki don kada yara su jefe shi. Malam Ilu ya ce in kai shi kwari in kashe shi in huta, shi ma ya huta, ko in jira masu sayen karnuka su zo. Na ce to. Ban kai shi ba.

Wani malamin dabbobi daga Ikara ya zo yi wa shanun Fulani allura, na roƙe shi ya duba. Ya lallatsa ƙugun, ya ce gaɓoɓin sun cinye, ba maganin da zai mayar da su, kuma in kare ya ci gaba da kwanciya haka gyambon zai gama da shi kafin kaka. Sai ya ciro waya ya nuna mini karen wasu Turawa an ɗaura masa tayoyi biyu a baya, yana gudu da ƙafafun gaba. Shi dariya yake yi. Ni kuwa ina kallon inda aka ɗaura ƙarfen.

Na auna Ƙyale da igiya, tsawo da faɗi, na ƙulla kowane awo, ranar kasuwar Makarfi na hau mota. Kowa ya ce in dai keken marasa ƙafa ne, Sale. Na same shi zaune a kan ɗan benci, kafaɗu kamar na ɗan kokawa, ƙafafu kamar sillen kara. Shan inna ya kama shi tun yana yaro. Rumfarsa cike da mutane, masu jiran gyara da masu shan shayin maƙwabcinsa. Tun daga tasha nake shirya kalmar a bakina. Da na ga mutumin da kansa, na ga jama'ar da ke zaune, sai ta ƙi fita. Ta yaya zan dubi gurgu in ce ya ajiye aikin mutane ya ƙera wa kare?

Ya tambaye ni na waye, na ce na gida ne. Ya ce me ke damunsa, na ce daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya aiki, jan jiki yake yi, har ya samu gyambo. Ya karɓi igiyar ya bi ƙulle-ƙullen da yatsa, ya ce ashe ɗan ƙaramin jiki gare shi. Sai ya ce, “Ya sunansa?”

Na sunkuyar da kai. Wani tsoho da ke shan shayi ya ce, “Kai ma dai Sale. Ba ka ga ɗan fari ba ne? A ina ka taɓa jin dattijo ya kama sunan ɗan farinsa?” (Haka ne kuwa, mu mutanen da ko a gaban alƙali nauyin sunan muke ji.) Aka yi dariya ta girmamawa, aka ce na iya alkunya, aka shiga yi wa yaro addu'ar samun lafiya. Na ce amin. Lafiyar dai ina so ya samu, da wannan na lallashi kaina.

Na fara kwatanta masa tayoyi biyu a baya, ya ɗaga hannu ya ce in bar masa, ya san abin da yaro mai jan jiki ke bukata, shi ma sai da ya yi gemu kafin ya hau keke, ubansa bai taɓa ɗaukar igiya ya auna shi ba. Na yi maganar biya, ya ce kada in ɓata masa lada. Ya tambayi garinmu na faɗa, ya ce in dawo bayan kasuwa biyu. A mota ina ta ce wa kaina ai ba komai, in na karɓa zan lanƙwasa nan in yanke can ya yi wa Ƙyale daidai, ba wanda zai sani. (Ni da ko ƙusa ban iya miƙarwa ba.)

Bai jira na dawo ba. Ranar Juma'a na yi salla a sahun baya, na yi sauri na koma in wanke wa Ƙyale gyambo da ruwan gishiri. Ina tsugune sai na ji ƙarar a-kori-kura da hayaniyar mutane. Ashe Sale ya ga bai kamata a ɗora yaro a keke ba tare da maƙerin ya gwada shi da kansa ba, ya biyo masu kai kaya. Ya tsaya a bakin masallaci daidai ana fitowa, ya ce a nuna masa gidan mai gadin rake wanda ɗansa ba shi da ƙafa. Ba wanda ya san ina da ɗa. Wata mata ta ce ita dai takan ji nishi a bayan zanan nan in za ta wuce rijiya. Nan take gari ya yanke cewa shekarun nan duk ina ɓoye da yaro mara lafiya saboda kunya, suka taso su sauke haƙƙin maƙwabtaka, wasu har da kwanon kunu na mai jinya.

Liman ne a gaba. Ya kama hannuna da nasa biyu ya ce, “Haba malam, ai lalura ba abin ɓoyewa ba ce. Mun yi maka laifi da ba mu bincika ba, ka yafe mana.” Na hango Malam Ilu can baya ya rufe baki da hannun riga. Shi ya gane tun a masallaci, ya yi shiru ya biyo su ya ga ƙarshe. (Har yau ina jin haushin shirun nan nasa, kamar ni ba shirun na yi ba.)

Aka sauke keken. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka an yi domina ba. Koren fenti, wurin zama da soso an lulluɓe da leda mai taushi saboda gyambo, ga majingina, ga ɗan abin tuƙi da hannu. A bayansa an yi rubutu da fari, liman ya karanta da ƙarfi, Masha Allah, jama'a suka amsa. Sale ya sauko daga mota, ya zura hannayensa cikin silifa, ya nufi zanan da rarrafe, ledar alewa a rataye a wuyansa, yana cewa, “Ina abokin nawa? Fito ka ga motarka.” Ko a lokacin da sauran damar in yi magana. Na tsaya da ƙoƙon ruwan gishiri a hannu kamar an dasa ni.

Ya ɗaga zanan. Ƙyale ya ɗago kai, ya buga jela a ƙasa, ya jawo jikinsa ya nufo shi. Tsayinsu ɗaya a ƙasan nan, ido cikin ido, wannan na jan ƙafafu, wancan na jan ƙafafu. Wasu samari suka fashe da dariya, suka ga abin da idonsu ke gani, dariyar ta mutu. Sale ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, “Shi ne ɗan farin?”

Na ce, “Kare ne.” Kalmar da ta ƙi fita a Makarfi, sai ga ta a inda ba mai bukatar a gaya masa.

Liman ya yi salati ya gyara hannun rigarsa, ya ce a ɗauke keken nan daga wurin, da sunan Allah a jikinsa. Aka mayar da shi mota. Masu kwanon kunu suka juya da abinsu. Na so Sale ya zage ni, da na fi jin sauƙi, bai zaga ba. Ya ce akwai wata yarinya a Kudan da ke jiran keke tun kafin saukar damina, ya tura ta baya saboda na ce nawa yana da gyambo. Ya ce da na faɗi gaskiya tun a rumfa, ko dai ya ce a'a in sha shayi in tafi, ko kuma in ya samu ragowar ƙarfe ya haɗa mini wani abu, don ba a rasa ba. Na tambaye shi ko yanzu zai yi. Ya ce a'a.

Har ya kai bakin mota ya tsaya. Karen ya duba, ba ni ba. Ya ce in samu ƙyalle mai faɗi in zura ta ƙarƙashin cikinsa, in ɗaga bayan, in bar shi ya taka da na gaba, safe da yamma, kada in fasa. Ya ce haka uwarsa ta riƙa yi masa da majanyi. Aka ɗaga shi aka sa a mota kusa da keken, suka tafi.

Na yanka buhu na shimfiɗa masa tsumma a ciki. Kullum sai mu fita, shi a gaba yana shinshine-shinshine, ni a baya a duƙe riƙe da gindinsa kamar mai huɗa da garma. Ba wata hanya zuwa gona sai ta gaban masu sayar da rake, don haka kowa ya samu rabonsa. Sunana ya ɓace a garin, na koma Baban Ƙyale. Mata in sun gaishe ni sai su ƙara da ya ɗan fari, ya mai jiki. Ina amsawa da sauƙi, don da sauƙin: gyambon ya bushe, ya koma cin abinci, har ya yi wa wani ɓarawon rake haushi ina riƙe da shi. Ya wuce kakar da aka ce ba zai gani ba. Ana tsakiyar saran rake, wata safiya muna bakin gona, na ji buhun ya yi nauyi a hannuna. A nan na haƙa masa rami. Ba a yi wa mutum ta'aziyyar kare, ba wanda ya yi mini. Malam Ilu dai ya ce sannu, ya ba ni hutun yinin.

Makarfi kuwa ban sake bi ta layin masu walda ba, ta bayan 'yan tumatir nake zagayawa. Abin da na koya bai da yawa. Da ina ganin wanda bai buɗe baki ba bai yi ƙarya ba, ashe jama'a ne za su yi masa ita, su kawo masa har gida a mota. Kunyar da na guje wa a gaban mutum goma, na sha ta a gaban gari. Yanzu ko maganin tsutsa na je saya, tun ban gama sallama ba nake cewa na akuya ne, baƙa, mai ɗan fari a goshi. Mai kantin ya ce tsufa ya sa mini surutu.