Fiyus a Hular Kawu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da maciji ya sari Kawu Sani a gonarsa ta gero da ke Boko. Wata uku ke nan da na kammala karatun lantarkin mota, ina yawo da na'urar gwaji a jaka tamkar likita.

An kwantar da shi a ƙofar gida, ƙafa ta kumbura, gumi na karyo masa. Asibitin Kankia za a kai shi, amma motarsa, wadda ita kaɗai ce a unguwar, ta ƙi tashi.

Na ce kowa ya ja baya. Na jona na'ura, ta nuna cewa babu sadarwa tsakaninta da ƙwaƙwalwar motar. Na sake jonawa, amsa ɗaya. Na bi wayoyi, na girgiza kan batir. Sannan na miƙe, na gyara murya (har yanzu ina jin kunyar wannan gyaran murya), na sanar da jama'a cewa ƙwaƙwalwar ta ƙone, sai an nemo wata daga Kano.

Matarsa, Inna Hajo, ta ɗora hannu a ka. "Kano? Kai ɗan nan, mutum na mutuwa kana kiran Kano?"

Duk wannan lokaci Kawu na ɗaga hannu da ƙyar yana nuna kansa. Na durƙusa cikin ladabi, na gyara masa zaman hula, na ce, "Kawu, ka huta, wannan aikin masana ne."

Ya sake nunawa. Inna ta fizge hular don ta yi masa fifita, sai ga wani ɗan abu shuɗi ya faɗo ƙasa. Fiyus ne. Ashe kullum ya ajiye motar sai ya zare shi ya soke a naɗin hula, don kada 'ya'yansa su fita yawo da ita. Duba fiyus kuwa shi ne darasin makon farko a makarantarmu.

Na mayar da shi, mota ta tashi a bugu ɗaya.

Allah ya sa mun isa a kan lokaci. Da Kawu ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne, "Ina Injiniya? Ƙwaƙwalwar wa ma aka ce ta ƙone?"

Tun daga ranar, kafin in tambayi na'ura, mai mota nake fara saurara, ko da da hannu yake magana.