Ranar da Na Ɗora wa Mai Janareto Laifin Kwamfutata

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ba, ko da na so mantawar, don har gobe akwai mutane a bakin ruwan Yauri da suka ɗauki nauyin tuna mini da ita.

A lokacin ban daɗe da gama difloma a fannin kwamfuta ba, sai aka ɗauke ni aiki a ofishin wata ƙungiyar manoman shinkafa a Yelwa. Aikin ba shi da wani yawa. In shigar da sunaye, in buga wasiƙu, in kuma lura da kwamfutocin tebur guda biyu da ƙungiyar ta mallaka. Tsofaffi ne, irin masu ƙatuwar akwati a ƙarƙashin tebur, na hannu aka sayo su tun kafin zuwana da shekaru. Amma suna aikinsu ba tare da sun dami kowa ba. Ɗaya tawa, ɗaya ta Inna Asabe.

Inna Asabe ita ce mai buga takardun ofishin tun zamanin tafireta. Kowa Inna yake ce mata, har da shugaban ƙungiyar, Alhaji Umaru, wanda ba ta girme shi da komai ba. Ba ta da yawan magana, kuma ba ta duban yatsunta in tana bugu. Ni kuwa na zo da takardar makaranta mai zafi, ina ganin duk wanda bai san sunayen kayan cikin kwamfuta ba, a duhu yake zaune.

Sai aka sanar da mu cewa za a yi rajistar manoman rani, waɗanda za a ba iri da injin ban-ruwa. Rana ɗaya tak aka ba mu. Kowane manomi sai ya zo da kansa, a rubuta sunansa da inda gonarsa take, a ɗauki hotonsa. Wanda bai shiga ba a ranar, sai wata shekara. Wata jami'a mai suna Malama Hauwa ta zo daga Birnin Kebbi mako guda kafin nan, ta saka manhajar rajistar a kwamfutocin biyu, ta gwada, komai lafiya, ta ce za ta dawo ranar Alhamis ɗin ta duba yadda aiki ke tafiya.

Ranar Laraba bayan azahar, sai na ga wani ɗan saƙo a gefen allon kwamfutata, wai akwai sabuntawa ta babbar manhaja, wato wadda ke tuƙa kwamfutar gaba ɗaya. Saƙon ya jima yana fitowa, ban kula shi ba sai ranar (shaiɗan ya san lokacin da yake zuwa). Na tashi na sami Alhaji Umaru a ofishinsa.

"Ranka ya daɗe, in na sabunta kwamfutocin nan yau, gobe gudu za su yi kamar sababbi. Kafin azahar mun sallami kowa."

Ya ce, "To, kai ka san aikinka."

Na dawo na tsaya a kan Inna, na ce ta ɗan matsa in fara da tata. Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Ɗana, kak ka taɓa min ita. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Na yi dariya, na shiga yi mata lacca. Na bayyana mata cewa furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, ita ke yin duk lissafin, kuma sabuwar manhaja ta fi tsohuwa sanin yadda za ta sarrafa ta. Na ƙare da cewa, "Inna, zamani ya wuce tafireta." (Da ana iya maido da magana cikin baki, wannan zan fara maidowa.) Ta ce, "Na ji. Yi wa taka."

Na haɗa tawa da datar wayata na danna. Ta ɗauki kusan awa uku tana juya wani ɗan zobe, ta mutu ta tashi sau biyu, sannan ta fito da sabuwar fuska tas, launuka sun sauya, 'yan hotunan manhajoji sun yi kyau. Na kira Inna ta gani, ta leƙo ta ce, "Ta yi kyau." Daidai nan Malam Garba, mai kula da janareton ofis, ya leƙo ya ce lokacin tashi ya yi, zai kashe wuta. Na rufe kwamfuta na tafi gida ina fito. Ban buɗe manhajar rajista na gwada ko suna ɗaya ba.

Da safe, kafin ƙarfe tara harabar ta cika. Mutanen Shanga sun zo a motoci da babura, na wajen Ngaski da Wara ma haka, ga kuma mutanen tsibirai da suka taso tun asuba a jirgin ruwa. Matuƙin jirginsu ya gaya musu a gabana cewa ana yin la'asar zai tashi, shi ba ya ƙetare ruwa in rana ta yi ƙasa. Na fito bakin ƙofa na ɗaga murya, na ce a yi layi biyu, amma duk mai sauri ya bi nawa, domin kwamfutata sabuwar manhaja gare ta. Mutanen tsibirai kaf suka dawo layina. Layin Inna bai fi mutum goma sha biyu ba.

Na sake haɗa wayata da kwamfutar, na kunna, na buɗe manhajar rajista. Sai da na ƙirga mutanen cikin ɗakin sau biyu kafin ta buɗe. Na ce a raina sanyin safiya ne. Na fara rubuta sunan mutum na farko. Na gama buga sunan da yatsuna, allo fari fat, can sai haruffan suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar ana roƙonsu. Fankar da ke cikin akwatin kuwa ta kama kuka kamar injin niƙa.

Mutum na farkon wani dattijo ne daga tsibiri, da farin gemu da hula mai tsabta. Na ce ya kalli kyamara kada ya motsa. Ya gyara zama, ya yi murmushi, ya tsaya cak. Na danna. Shiru. Dattijo na nan da murmushinsa. Murmushin ya fara bushewa, ya lumshe ido ya buɗe, ƙuda ya sauka a hancinsa bai kore shi ba. Can ya yi magana ta gefen baki, ba tare da ya motsa kai ba.

"Yaro, wanga hoto da hannu kaka zana shi?"

Ɗakin ya ɗauki dariya. Na taya su, irin dariyar da ba ta wuce haƙora. A gefena Inna tana ta cewa, "Na gaba. Na gaba." Kafin in sallami dattijon nan ta sallami mutum tara. Zuwa sha ɗaya da rabi na yi mutum shida, layina ya fita har bakin titi, mutane sun fara duban rana suna duban juna.

Alhaji Umaru ya shigo fuskarsa ba walwala. "Mi ya hwaru? Ba kai ka ce kafin azahar an gama ba?"

A nan ne ya kamata in ce, ranka ya daɗe, jiya na taɓa abu, bari mu duba. Amma ido ya yi mini yawa, kuma na riga na yi shela a bakin ƙofa. Sai na durƙusa na ɗora tafin hannu a kan akwatin, na ji ta da zafi, na miƙe da fuskar likitan da ya gano cuta.

"Furosesa ce ta ƙone. Wutar janareto ce ke hawa tana sauka."

Alhaji ya sa aka kira Malam Garba. Ya shigo hannunsa duk baƙin mai, yana goge shi da tsumma. Mutum ne mai iyali, ya fi shekara goma yana tayar da injin nan ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Alhaji ya rufe shi da faɗa a gaban jama'a, ya ce in manoman nan suka rasa rajista saboda sakacinsa, to ya nemi wani wurin aiki.

Malam Garba ya ce, "Wallahi Alhaji, wuta lahiya take. Kuma ai waya guda ta kawo musu wuta shi da Inna. Ya aka yi tata ba ta ƙone ba?"

Na ce, "Kowace furosesa da irin juriyarta." (Ban san inda na samo wannan ba. Babu shi a littafin da na karanta.)

Ana cikin haka Malama Hauwa ta iso, mota ce ta ɓata mata lokaci a hanya. Ta gaisa da Alhaji, ta ji bayani, ta ce in ɗan ba ta wuri. Ta zauna a kujerata ta danna maɓallai uku, wata taga ta buɗe da ƙyar, mai nuna abin da kwamfuta ke yi a ɓoye.

Ta ce, "Alhaji, furosesar da ta ƙone ko tashi ba ta yi. Wannan lafiyarta lau, aiki ne ya yi mata yawa. Ka ga nan, ɗari bisa ɗari take ja, ba ta da sauran numfashi."

Ta juyo da allon yadda kowa zai gani, ta yi bayani a hankali kamar mai koyar da 'yan aji ɗaya. Ta ce an sabunta babbar manhaja, kuma sabuntawa ba ta ƙarewa don kawai fuska ta sauya. Tana nan a bayan fage tana sauko da ragowar kayanta, tana bin fayiloli ɗaya bayan ɗaya tana jera su, manhajar da ke kare kwamfuta daga ƙwayoyin cuta ita ma tana binciken komai daga farko. Sabuwar furosesa za ta ɗauki wannan duka ba a ji ba. Tsohuwa irin wannan kuwa, in ta tattara ƙarfinta a can, babu abin da zai rage wa rajista.

Sannan ta ce, "Wa ya sabunta ta ana gobe aiki?"

Na kafa wa silin ido kamar yau na fara ganinsa. Inna ta ci gaba da bugunta. Da Malama Hauwa ta ji shiru, sai ta ce ba komai, kwamfuta ba ta mantuwa. Ta buɗe tarihin sabuntawa ta ga jiya ne da yamma, ta duba sunan mai ikon sarrafa kwamfutar, wanda shi kaɗai zai iya ba da izini. Sunan nan ni na raɗa wa kaina a makon da na fara aiki, ina ganin ba mai gani sai ni. Ta karanta shi a fili, da muryarta ta jami'a.

"Cif Injiniya Na Yauri Gaba Ɗaya. Waye shi?"

Ban san lokacin da na ɗaga hannu ba, kamar ɗan firamare. Dariyar da aka yi har waɗanda ke bakin titi sai da suka tambayi abin da ya faru, aka riƙa miƙa musu labarin baki da baki, ina jin sunan yana tafiya a layi. Dattijon nan mai farin gemu, da ya tsaya jiran 'yan uwansa, ya ce, "Ashe da Cif muke zaune ba mu sani ba." Malam Garba bai yi dariya ba. Ya dube ni, ya ninke tsummansa, ya koma wurin injinsa. Wannan duban ya fi dariyar ciwo.

Malama Hauwa ta ce mayar da tsohuwar manhaja zai ci lokacin da ba mu da shi. Ta kashe kwamfutata, ta fito da laftof ɗinta. Inna ta miƙe a karon farko ta ce mutanen tsibirai su dawo gaba a layukan biyu, na gari su yi haƙuri. Ni kuma aka ba ni aikin da ya dace da matsayina: riƙe farin ƙyalle a bayan waɗanda ake ɗauka hoto, don ƙusar da ke riƙe da shi ta fita. Haka na tsaya hannuwa a sama har yamma. Mutanen tsibirai sun samu jirginsu da ƙyar, matuƙin ya riga ya tayar da inji. Mutum goma sha ɗaya 'yan gari ba su samu shiga ba, sai da Malama Hauwa ta yi waya ta roƙi a ƙara mana safiyar Juma'a.

Bayan an watse na sami Malam Garba a bayan ofis na ba shi haƙuri. Ya ce, "Ba komai, Cif." Alhaji ma ya kira shi ya janye maganarsa, a gaban mutum uku, alhali faɗan a gaban ɗari aka yi shi. Wannan bambancin ya daɗe yana damuna.

Kwamfutar tawa, da aka bar ta a kunne yini guda ta gama abin da take yi, ta dawo hayyacinta, amma ba ta sake kai saurinta na da ba. Malama Hauwa ta ce haka abin yake: wasu gyare-gyaren tsaro suna ƙara wa furosesa matakai a kowane aiki, tsofaffi kuma su suka fi jin nauyin. Ta ce duk da haka ba a barin kwamfutar da ke riƙe da bayanan mutane ba gyara. Ita da kanta ta sabunta ta Inna wata Asabar da babu aiki, bayan ta kwafe komai, ta zaɓi na tsaro kawai. Wannan karon Inna ba ta hana ba, har shayi ta kawo mata.

Yanzu shekaruna sun ɗan ja a wannan aiki, mutane na kawo mini kwamfutocinsu daga Shanga har Wara. Duk wanda ya ce tasa ta yi nauyi, tambayata ta farko ita ce wa ya taɓa ta daga ƙarshe. Tambaya ce mai kyau, tana warware rabin matsala. Abin da na ƙara koya shi ne mutum ya fara yi wa kansa ita a ɓoye, in kuma amsar ta fito da sunansa, to ya rage murya.