Yadda Za Ka Mai da Saniyarka Shaida

Shekarar fari ce, shanunka sun ƙare saura guda, ita ma iska na kaɗa ta. Kwantar da hankalinka. Ni Maidawa na ƙasar Kurfai na san hanyar da za ta ci ta ƙoshi ba tare da allura ta taɓa ta ba. Tabbas ne, ba wataƙila ba.

Mataki na ɗaya: Ka kai ta Filinge

Wani saurayin likitan dabbobi, Kailu, ya dawo daga karatu yana binciken maganin tsutsar ciki. Duk saniyar da ya karɓa, dusa da irin auduga kyauta har damina. Ka kama igiya tun da safe. In ta kwanta a hanya, ka ɗaga ta da wutsiya.

Mataki na biyu: Ka iya gaisuwa

'Yan lakwal, masu karatun boko, suna ce masa Mushe, wato malam da Faransanci. Kai kada ka kuskura. A shekarar da ungulu ke ƙiba, ba a ambaton mushe kusa da saniya. Ka ce "ranka shi daɗe, likita", ka wuce.

Mataki na uku: Ka fahimci ilimin

Likita zai raba shanu biyu. Masu jan fenti a ƙaho su sha allura, masu shuɗi kuwa ci kawai, don a gwada su da na farkon. Waɗannan da Faransanci wai sunansu shaidu. Maƙwabcina Baushe ya tambaya: "Likita, mi ta gani da za ta yi shaida? Wagga ko kuka ba ta iyawa." Kada ka yi irin wannan tambayar. Ka gyaɗa kai kamar kakanka ma shaida yake kiwo.

Abin riƙewa ɗaya ne: a kasuwa an ce allurar tana hana haihuwa. Wanda ya faɗa mai gyaran keke ne, amma ya taɓa zuwa Yamai.

Mataki na huɗu: Ka ziyarci marina

In aka shafa wa taka ja, kamar yadda aka yi wa tawa da ta Baushe, ka sayo ruwan baba, shuɗin rini. Lokacin da likita ya tafi cin abincin rana, ka rina ƙahon. Kada ka gaya wa kowa. Ni Baushe kaɗai na gaya wa, shi ma surukinsa kaɗai. Da likita ya dawo, garke duka ya zama shaidu, ba mai laifi ko ɗaya.

Mataki na biyar: Ka dubi ƙasa

Kailu bai yi faɗa ba, shi ya sa abin ya yi mini ciwo. Ya zauna a bakin kwamin ruwa ya ce: "Baba, in babu ja, babu bincike. In babu bincike, motar dusa garin Bankuku za ta nufa. Wa zai taimake ni?"

A nan gwaninta take. Ka dubi takalminka, ka yi tari, ka tuna wani aiki a gida. Dusar nan ce ran saniyarka, amma ka daure, wani zai gaji kafin kai.

Mataki na shida: Ka tsare ta daga ruwa

Wannan matakin na gano shi a makare. Muna tsaye saniyata ta tsoma kai cikin kwami ta girgiza, baban ya bi ruwa, ja ya fito fes. Matata Tambara ta ce: "Ga ta nan, likita. Ta fi mai ita kunya." Daga nan wasu suka fara goge nasu da bakin riga. Aka yi wa saniyata allura ina kallo, na koma gida ban ci tuwo ba, ina jiran labari.

Kada ka bari haka ta same ka.

Gargaɗi

Duk abin da ya biyo baya, babu hannuna. In shaidarka ta ci dusa tsutsa ta ƙoshi ita ba ta ƙoshi ba, har sai da likita ya bi ta da allurar daga baya, kamar ta Baushe, ka tuhumi mai gyaran keke. Kada ka zo gidana da ƙorafi. In kuwa ka zo, Tambara za ta dama maka fura da nonon saniyar da ta ɓata mini tsari, ka sha a hankali, ɗan maraƙin ma yana jira.