Injiniya Maganga da Agogon Surukinsa

"Duk abin da ke juyawa a duniyar nan, in dai juyawa yake yi, to ɗana ne!"

Kada ma ka tambayi wanda ya faɗi haka, abokina. Duk garin Tabora mutum ɗaya ne ke da wannan bakin: Maganga mai facin keke, wanda ya rubuta wa kansa "Injiniya" da jan fenti a jikin mangwaron ƙofar gidansa. 'Yan unguwa kuwa Injiniya Saura-Ɗaya suke ce masa, don bai taɓa kwance abu ya ɗaure ba sai noti ɗaya ya yi saura. In ka yi magana ya ce masu ƙirar ne suka yi almubazzaranci.

To, ran wata Asabar da hantsi sai ga surukinsa, Baba Kashindye, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya shigo da sandarsa da 'yar shararsa mai aljihu. Ya zaro agogon aljihunsa, farin ƙarfe mai sarƙa, wanda aka ba shi ranar da ya ajiye aiki. Ɗan mamurɗin nan da ke samansa, wanda ake murzawa agogo ya samu ƙarfin tafiya, shi ne ya tsufa ya guntule, saura siririn ƙarfe a tsaye kamar tsinke.

Ya miƙa wa 'yarsa, matar Maganga. "Nyamizi, kai wa Selemani mai gyaran agogo ya sa sabo. Yau tsofaffin ma'aikata muke taro a tasha, kuma shekara goma sha tara da agogon nan ake buɗe taro, sha biyu daidai. Ki same ni can da shi." Ya juya ya dubi Maganga sama da ƙasa. "Selemani na ce. Da kunnenki kika ji."

Tsoho na fita, Maganga ya tare ƙofa.

"Maman Shija, kawo," ya ce wa Nyamizi, don da sunan ɗansu suke kiran juna.

"Baban Shija, ka rufa mini asiri. Rediyona har yau in an kunna shi ƙaurin hayaƙi yake yi."

"Wannan laifin batir ne. Wai ke ba ki san mene ne agogo ba? Keke ne aka ƙanƙance shi! Yau mahaifinki zai san injiniya ya ba wa 'ya. Ke dai ɗora mana shayi."

Ya shimfiɗa buhu a gindin mangwaro, ya jera kayan aiki: filaya, guduma, da wuƙar yanka albasa. Ya sa wuƙa ya ɓalle bayan agogo, tare da ɗan ɓalli na babban yatsansa. Da ya leƙa ciki, sai ya ga ƙafafu ƙanana masu haƙora sun hau juna, kowace da inda ta nufa. Gabansa ya faɗi, amma bakinsa bai faɗi ba.

"Kin gani? Babu ko sarƙar keke a ciki. Aikin ganganci."

Akwai wata 'yar kusa da ke riƙe da tsinken, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero. Masu sana'a sassauta ta kawai suke yi kaɗan. Gogan naka ya sa tsinin wuƙa ya yi ta juyi, ya yi ta juyi, sai ji ya yi ƙis! Ta yi tsalle ta faɗa cikin yashi.

"Mene ne ya faɗi?" in ji Nyamizi daga madafa.

"Ba faɗuwa ya yi ba. Ajiye shi na yi a ƙasa."

Ya duƙa da gwiwa yana rarrafe, yana hura yashi, kaji sun kewaye shi suna zaton tsaba ya samo. Mama Kalunde, maƙwabciyarsu mai soya rogo, ta leƙo ta katanga.

"Injiniya, kiwo ka koma? In ciyawa kake nema, bayan gidana akwai."

"Auna ƙasa nake yi, tsohuwa. Ilimi ne, ba na masu tuya ba."

Can dabara ta faɗo masa. Ya shiga ɗaki ya farke rediyon matarsa, ya ciro maganaɗisun da ke bayan lasifika, ya dawo yana jansa cikin yashi. Ya kama ƙusoshi uku, da allura, da wani cokali da ya ɓata tun bara, kuma cikin ikon Allah har da 'yar kusar. Don murna ya dangwarar da maganaɗisun a kan buhu. Agogo ya taso da kansa, ƙwas, ya manne masa, kamar ɗa ya ga uwa. Da ƙyar ya raba su.

Saura tsinke. Ya sa filayar da yake kwance ƙafar keke ya damƙe shi, ya ce, "Biyo ni a hankali." Tsinke ya ce ƙaras, rabi a filaya, rabi a ciki.

Nyamizi ta fito da shayi, ta tsaya. "Wayyo Allah! Ka karya?"

"Gajarta shi na yi. Da ma ya yi tsawo."

"Sha ɗaya ta wuce, Baban Shija! Ba ni in ruga wa Selemani!"

"In Selemani ya taɓa agogon nan, ki kira ni da sunan akuya."

Garin gyaran gira, ido fa ya fara tafiya. Ya yanko wayar ƙafar keke, ya goga ta a dutse, ya cusa a ramin. Mamurɗi fa? Ya duba dama, ya duba hagu, sai idonsa ya sauka a kan murfin bawul na tayar keke, baƙin roba mai tsaga-tsaga. Ya yi murmushin wanda ya ci gasa.

"Kin ga wannan? Ko ruwa ba ya sa shi tsatsa."

Ya ɗauko gam mai kama ƙarfe nan take. Ɗigo ɗaya ake sawa, shi kuwa ya matse rabin kwalba, don a cewarsa rowa ba ta gyara. Ya ɗora murfin, ya rufe bayan agogo, ya dunƙule shi cikin tafin hannu ya matse da ƙarfi, yana ƙirga ɗari. Sai ga ƙara: cak-cak-cak-cak! Agogo ya tashi! Maganaɗisu ya haukata shi, dogon hannunsa na zagaye kamar barewa ta ga mafarauci.

"Kina ji? Da tafiyar tsofaffi yake yi, yanzu na mai da shi saurayi!"

"To ba ni in tafi."

Maganga ya buɗe hannu. Wato ya yi niyyar buɗewa. Yatsu biyu suka tashi, uku suka ce suna nan. Agogo ya zauna daram a tafinsa, sarƙa na lilo. Aka sa ruwan zafi, ya yi ihu. Aka sa kananzir. Mama Kalunde ta kawo man tuyarta, ta ja, Nyamizi ta riƙe ƙugunsa ta ja, su ukun suka zube kan buhu, agogo ko gezau.

"Tashi," in ji Nyamizi, tana ɗaura zane. "Baba ya ce in kai masa agogo. Duk abin da ke jikinsa, tare zan kai."

A tasha, tsofaffi sun kai talatin a kan benci ƙarƙashin rumfa, kowa ya sha kwat, ga tukwanen shinkafa da nama suna jiran a buɗe taro. Baba Kashindye ya miƙo hannu.

"Agogona."

Maganga ya durƙusa, ya miƙa hannunsa gaba ɗaya. Tsoho ya ja, Maganga ya matso. Ya sake ja, Maganga ya sake matsowa. Ya sa tabarau ya sunkuya.

"Wannan baƙin abin fa?"

"Sabon yayi ne, Baba."

"Bawul ne!" in ji wani tsohon direba. "Kashindye, in ya tsaya sai ka yi masa famfo!"

"Ƙarfe nawa yake nunawa?" wani ya tambaya daga baya.

Maganga ya leƙa ta tsakanin yatsunsa. "Uku da kwata... a'a, da rabi... huɗu saura."

"To ku tashi mu tafi gida, an gama taro ba mu ci komai ba!"

Rumfa ta kece da dariya, har mai haƙori ɗaya ya nuna shi. Aka aika a kira Selemani, aka ce ya tafi biki ƙauye, sai Litinin.

Baba Kashindye bai yi faɗa ba. Ya kama bakin sarƙar, ya maƙala ta a maɓallin 'yar shararsa yadda ya saba, ya gyara tsayuwa.

"Tun da aka ba ni agogon nan bai taɓa kwana a wani gida ba sai nawa. Nyamizi, kawo wa mijinki tabarma da kayan sawa na kwana biyu."

Ya taka zuwa gaban taro, Maganga na biye da shi a sunkuye, hannu a miƙe, kamar ɗan akuyar da za a kai kasuwa. Tsoho ya yi gyaran murya.

"Jama'a, ku taya ni murna. Da safe agogon aljihu na bayar, ga shi an mayar mini da shi na hannu. Hannun ma ba nawa ba, har da jakin da zai riƙa ɗaukar mini shi."