Rasuwar Dattijo, Batirin Layinmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni mai riƙe da makullin ɗakin wuta nake sanar da rasuwar Dattijo, babban batirin tashar sola ta layinmu. Ya cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara huɗu da wata biyu a bakin aiki.

Marigayin mai haƙuri ne. Farantan da ke kan rufi su tara masa hasken rana, shi ya adana, ya raba wa gida tara da shago uku, bai damu da wanda ya gode masa ba. Zuwansa ne ya rufe bakin janareto a layin nan, muka daina gaisawa da ihu. Bai taɓa yi mana hayaƙi ba. Maganarsa ba ta wuce "ƙul-ƙul-ƙul" idan ya ƙoshi da rana.

Ya rasu ya bar farantai goma sha biyu suna shan rana a banza, da abokiyar zamansa inbata, na'urar da ke juya wutarsa zuwa ta gida, da fankoki masu yawa, da keken tela, da injin mai aski. Ya kuma bar firjin Gwaggo mai ƙanƙara, wanda a kansa ne maganata take.

Wata shida da suka wuce Dattijo ya fara gajiya. La'asar na yi sai cajinsa ya ƙare, inbata ta kama yi masa kuka, "tit, tit, tit". Aka yi taro a ƙofar shagon aski, kowa ya zama likita. Tela ya ce nauyi ne ya yi masa yawa, mai aski ya rantse firjin Gwaggo ne ke tsotse shi. Ita kuwa da ƙanƙarar nan take ciyar da jikoki uku. Ta juyo ta dube ni.

"Ɗana, kai ke shiga ɗakin nan. Faɗa musu ba ni ba ce."

Na sunkuyar da kai. Da hannun nan nawa na cire wayar wutar firjinta.

To, jama'a, ga gaskiyar. Ranar da aka kafa tashar, abu ɗaya tak mai gyara ya damƙa mini: duk wata in ƙara wa Dattijo ruwan batir, tataccen nan, kada in kuskura in zuba masa na famfo. Shagon da ake sayarwa yana can ƙetaren babban titi. Wata rana zafi ya kai zafi, ƙiwuya ta kama ni, ga famfo a tsakar gida. Na ce ai ruwa ruwa ne. Dattijo bai ko yi tari ba, sai na mayar da abin al'ada. Shekara guda cur ina shayar da bawan Allah abin da ke cinsa, yana yi mini "ƙul-ƙul" kamar mai godiya.

Tun ranar taron na san laifina ne. Na ga Gwaggo ta koma tallan ruwa mai ɗumi da ba mai saye, na riƙa sauya hanya. Jiya mai gyara ya buɗe gawar, ya ga farin gishiri ya cinye cikinta. Ya ɗago ya dube ni. Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Za a fitar da gawar ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Ba za a binne ba, saboda gubar da ke cikinta; mai sayen tsofaffin batura zai zo ya ɗauka, a narkar. A hana yara taɓawa.

Kada kowa ya zo mini ta'aziyya, ban cancanta ba. A wuce gidan Gwaggo. Zan riga ku isa, kuma idan ta ƙi buɗe mini ƙofa, don Allah kada kowa ya sa baki.