Taku Talatin Tsakanin Masaina da Famfon Mai Girma

Jiya da hantsi na faɗa ramin masan gidana. Kafin ku toshe hanci, ramin sabo ne fil, ba a fara amfani da shi ba. Kuma ba dukkana na faɗa ba. Ƙafa ɗaya ce ta zurma tsakanin katakan da muka gitta a kai, ɗayar ta tsaya a waje tana jiran umarni. Ina cikin wannan hali, rabina a sama rabina a ƙasa, sai ga motar masu duba rami ta tsaya a ƙofar gida. Mako bakwai ina jiransu, wannan mintin suka ga ya dace.

Bari in koma baya kaɗan. Tsohuwar sokawen gidanmu ce ta cika har ta fara tsatsafowa ta gindin katanga. Na kira mai motar zuƙe masai, ya leƙa, ya ce bulon ciki ya rufta, ko ya zuƙe yau jibi zan sake nemansa. Sai na kira magini. Ya haƙa rami biyu a jere: na farko ya shafe shi da siminti sumul don ƙazanta ta kwanta a ciki, na biyu ya jera bulo da 'yan kafofi don ruwa ya riƙa tsanewa cikin ƙasa. Ya haɗa su da bututu, ya kafa wani dogo na fitar da iska. Saura a zuba siminti a rufe sama, sai ya wanke cebur ɗinsa ya ce, "Maigida, nan zan tsaya. An yi sabuwar doka, ba a rufe rami sai hukuma ta gani da idonta."

Ni mai son doka ne, don haka na sa hula na tafi Ofishin Kula da Ramuka da Abin da ke Cikinsu. Ofishi ne mai kyau ƙwarai, da fanka uku da hoton wani rami a jikin bango. Makon farko aka ce motarsu tana layin mai. Mako na biyu an samu man, amma direba ya tafi taron ƙara wa juna sani. Na uku direba ya dawo da saninsa, sai dai tef ɗin awo yana kulle a durowar Mai Girma Babban Mai Leƙe, shi kuma ya haye jirgi ya tafi ganin yadda wasu ƙasashe suke leƙa nasu ramukan. Allah ya saka masa, don mu yake wahala.

Duk tsawon wannan lokaci, mu tara a gidana banɗakin maƙwabcina Tela muke shiga. Tela mutumin kirki ne, amma kirki ma yana gajiya. Da farko in ya gan ni da buta yakan ce, "Bismillah, gidanka ne." Zuwa mako na huɗu ya koma cewa, "Kai ne kuma?" Ga surukata, Inna, ta zo jinyar gwiwa a wurinmu. Kullum sai ta tsallaka lungu da sanda a hannu ɗaya, buta a ɗaya, duk unguwa ta san inda za ta. Ranar Laraba ta kira ni ta ce, "Ɗan nan, in Juma'a ta yi ba a rufe ramin nan ba, zan koma gida, kuma da 'yata da jikokina zan tafi. In ka gama gina gidan sai ka zo ka ɗauke su." Uwar yara tana gefe tana ninke wanki, na ga har ta fara ware nata kayan daban.

To, mu koma bakin rami. Mutum huɗu suka zo. Mai Girma bai fito daga mota ba, gilashi kawai ya sauke kamar faɗin yatsa biyu, da hankici a hanci. Mai ɗaukar hoto ya ɗauke ni kafin a ciro ni, wai don shaida. Sannan Mataimaki, wani dogo kamar falwaya, ya kama ni ta hammata ya fizgo. Na huɗunsu mai riƙe fayil ne, kuma ya riƙe shi da kyau.

Magini ya matso yana murmushi, yana so a yaba shafensa. Mataimaki ko kallon ramin bai yi ba. Ya nuna bakin lungu ya ce, "Wancan mene ne?"

"Famfo ne, ranka ya daɗe."

"Doka ta ce taku talatin tsakanin masai da ruwan sha. Kawo tef."

An bar tef a ofis. Sai ya naɗe ƙafar wando ya auna da takunsa, ya samu ashirin da biyu. Ya dawo ya ce a cike ramin da ƙasa, a haƙa wani.

Shi wannan famfo, shekara uku ke nan da wani Mai Girma ya zo ya buɗe shi ana saura wata ɗaya zaɓe. An yanka ƙyalle, an tafa, ruwa ya zubo na minti goma, daidai abin da tankar da ta zo da asuba ta ɗura masa. Tun ranar ko gumi bai ƙara yi ba. Mahauci yana ɗaure akuyarsa a jiki, mata suna shanya a hannunsa.

Na ce, "Yallaɓai, ai famfon nan ba ruwa."

Mai fayil ya buɗe shafi ya ce, "A nan yana shayar da mutum dubu huɗu kullum."

"To ku je ku tuƙa ku gani."

Mataimaki ya ce, "Mu rami muke dubawa, famfo na wani ofishin ne. Amma in kana so, rubuta cewa aikin Mai Girman da ya buɗe shi bai taɓa ba da ruwa ba, ka sa hannu da cikakken sunanka, mu kai masa."

Na dubi maƙwabtan da suka taru. Kowa ya samu abin kallo a sama.

Tela ne ya yi gyaran murya. Na san ba ni yake tausayi ba, banɗakinsa yake tunawa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, dokar ta faɗi takun wa?" Mai fayil ya bi layi da yatsa har ƙasa, ya juya bayan takarda, ya ce ba ta faɗa ba. Daidai nan Inna ta fito da sandarta da butarta za ta gidan Tela. Tela ya durƙusa ya ce, "Inna, don Allah ki ɗan biya ta famfo tukuna."

Ta harare mu duka, amma ta tafi. Unguwa tana ƙirga mata da baki ɗaya. A taku na goma sha takwas ta tsaya ta huta, mai hoto ya ɗauka. Ta dafa famfo a arba'in da ɗaya.

Mataimaki ya fara cewa ba a taɓa yin haka ba, sai Mai Girma ya ƙara sauke gilashi ya yafito ni. Na ga gumi a goshinsa, yana ta mutsu-mutsu a kujera. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Malam, akwai inda mutum zai ɗan zagaya?" Tela ya ji, ya ce akwai, amma layi ne, Inna ce a gaba, bayanta mutum shida. Ban taɓa ganin an buga hatimi da sauri irin haka ba. Motar ta bar lungu kamar an koro ta, ba wanda ya leƙa ramin ko sau ɗaya. Magini ya zauna a kan bulo kamar zai yi kuka.

Da yamma aka zuba siminti, aka bar 'yar ƙofa ta zuƙewa. Uwar yara ta mayar da kayan da ta ware cikin namu.

Yau da safe na zauna karanta takardar shaidar. Mai fayil, cikin gaggawa, ya yi alama a layin da ba shi ba. A wurin irin ramin da aka duba, an rubuta rijiya. Tela ya karanta sau biyu, ya cire hula ya riƙe, domin tasa sokawen mun cika masa ita, kuma inda zai haƙa sabuwa taku goma ne daga katangata, doka kuwa ta ce talatin.

Ni dai ba zan koma ofishin nan gyara ba. A takarda unguwarmu ta samu ruwa biyu yanzu, kuma na ji ana cewa za a sa mu cikin rahoton ci gaba na bana. Roƙona ga maƙwabta ɗaya ne: kada kowa ya zo min da guga.